Ƙidayar Ambato a Matsayin Ma'aunin Mai Bincike a Ilimin Makaniks da Likitancin Shari'a

Akwai rukunin masu bincike da aikinsu ya faɗa tsakanin fannoni biyu waɗanda ba kasafai suke zama a tsangaya ɗaya ta jami'a ba, wato ilimin makaniks, wanda yake nazarin ƙarfi da motsi da yadda abu yake lanƙwashewa ko ya karye idan aka danne shi ko aka buge shi, da kuma likitancin shari'a, wanda yake amfani da ilimin likita don amsa tambayoyin da kotu take yi a kan rauni da mutuwa. Mai bincike irin wannan shi ne ake tambaya ko faɗuwa daga bene za ta iya fasa ƙoƙon kai kamar yadda aka gani a gawa, ko daga wane ɓangare mota ta bugi mai tafiya a ƙasa, ko kuma wane irin ƙarfi ne ya karya haƙarƙarin jariri. Idan lokacin ƙarin girma ya zo, ko neman kuɗin bincike, ko ma gabatar da shi a gaban alƙali a matsayin ƙwararre, sai a buƙaci wata hanya ta sanin nauyin aikinsa, kuma hanyar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce ƙidayar ambato, ma'ana ƙirga sau nawa wasu marubutan suka kafa hujja da maƙalunsa a cikin nasu rubutun. Saɓanin da ke tsakanin masana shi ne ko wannan ƙidaya tana auna abin da ake zaton tana aunawa, musamman ga mutumin da masu amfana da iliminsa na haƙiƙa yawancinsu ba marubutan maƙala ba ne.

Asalin wannan ƙidaya daga harkar shari'a ya fito, abin da ya dace da batun da ake magana a kai. Tun daga 1873 lauyoyin Amurka suke da jerin littattafan Shepard, waɗanda suke nuna wa lauya duk hukuncin da ya ambaci wani tsohon hukunci, tare da bayyana ko an bi shi, ko an bambanta shi da shari'ar da ke gaba, ko an soke shi baki ɗaya. Eugene Garfield ya ɗauki wannan tsari ya kawo shi fagen kimiyya a wata maƙala da ya buga a mujallar Science a 1955, sannan cibiyarsa da ke Philadelphia ta fara fitar da kundin ambaton kimiyya a 1964. Manufarsa ta farko ita ce sauƙaƙa neman rubuce-rubuce, domin mai karatu ya bi sawun wani tunani daga wanda ya fara kawo shi zuwa waɗanda suka ɗora a kai. Daga baya ne aka fitar da ma'aunin tasirin mujalla, wanda ake samu ta hanyar ƙirga ambaton da maƙalun shekaru biyu da suka gabata suka samu a wannan shekara, a raba da adadin maƙalun. A 2004 aka buɗe rumbunan Scopus da Google Scholar, a 2005 kuma Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya kawo ma'aunin da ake kira h, wanda yake taƙaita aikin mutum a lamba ɗaya: wanda yake da h ashirin yana da maƙalu ashirin da aka ambaci kowacce aƙalla sau ashirin. Abin lura shi ne cewa a hanyar da tsarin ya biyo daga ɗakin lauya zuwa ɗakin bincike an yar da rabin da ya fi muhimmanci, domin littafin lauya yana faɗin ko an amince da hukunci ko an rushe shi, ita kuwa ƙidayar kimiyya lamba ɗaya take bayarwa ga wanda aka yaba da wanda aka ƙaryata.

Masu goyon bayan ƙidayar suna da hujjoji masu ƙarfi, kuma bai kamata a raina su ba. Ta farko ita ce kowace hanya ta tantance mutum tana da nata aibin, kuma hanyar da ƙidaya ta zo ta rage wa ƙarfi ita ce hukuncin manyan farfesoshi a bayan ƙofa, inda sanayya da ɓangaranci da sunan jami'ar da mutum ya fito suke iya rinjayar sakamako ba tare da kowa ya iya nuna inda aka yi son kai ba. Lamba kuwa a fili take, kowa yana iya dubawa, kuma matashin malami da ke wata jami'a da ba a san ta ba yana iya nuna cewa masana a ƙasashe goma sun yi amfani da aikinsa ko da shugaban sashensa bai taɓa karanta shi ba. Hujja ta biyu ta shafi halin da kwamitin tantancewa yake samun kansa a ciki idan aka kawo masa takardun mai bincike mai ƙafa biyu. Injiniyan da ke kwamitin ba zai iya auna ingancin bayanin binciken gawa ba, likitan da ke kusa da shi kuma ba zai iya bin lissafin da ake yi da kwamfuta ba, wanda ake yanka siffar ƙoƙon kai zuwa dubban ƙananan gutsattsari domin a lissafa matsin da ke kan kowanne. A irin wannan hali, in ji masu wannan ra'ayi, ambato shi ne shaidar waɗanda suka iya karanta aikin, tunda mutum ba ya ɗora bincikensa a kan abin da yake ganin shirme ne.

Hujja ta uku ita ce ta fi dacewa da likitancin shari'a, kuma ita ce ta fi wahalar turewa. A 2009 Majalisar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto a kan ilimin binciken laifuka, inda ta nuna cewa in ban da gwajin ƙwayar halitta ta DNA, babu wata hanya da aka tabbatar da cikakken bincike cewa tana iya danganta wata alama da mutum guda ba tare da kuskure mai yawa ba. A 2016 kwamitin masu ba shugaban Amurka shawara a kan kimiyya ya ƙara da cewa kwatanta shatin cizo da haƙoran wanda ake zargi ba shi da tushe na kimiyya, alhali an shafe shekaru ana ɗaure mutane da shi. Ciwon da waɗannan rahotanni suka gano shi ne cewa fannin ya ginu ne a kan gogewar mutum da kwarjininsa a gaban kotu, ba tare da al'adar gwaji da bugawa da barin wasu su sake gwadawa ba. Wanda ya yarda da wannan ganewa zai ga cewa duk abin da zai tilasta wa ƙwararre ya fitar da hanyarsa fili, ya miƙa ta ga mujallar da takwarorinsa za su tantance kafin a buga, sannan a ga ko wasu sun karɓe ta, gyara ne ga fannin. Ita ma Kotun Ƙolin Amurka, a hukuncin Daubert na 1993, ta sanya bugawa da tantancewar takwarori cikin abubuwan da alƙali zai duba kafin ya karɓi shaidar kimiyya, tare da yiwuwar gwada hanyar, da sanin yawan kuskurenta, da karɓuwarta a wajen masana. Saboda haka ƙwararren da ya shekara talatin yana ba da shaida bai taɓa buga komai ba, kuma babu wanda ya taɓa kafa hujja da shi, yana da tambayar da ya kamata ya amsa.

Masu suka ba su musanta cewa bugawa tana da amfani ba, abin da suke musantawa shi ne tsallen da ake yi daga amfanin bugawa zuwa amincewa da lamba. Abu na farko da suke nunawa shi ne yawan ambato ya dogara da yawan masu rubutu a fanni fiye da yadda ya dogara da ingancin aiki. Maƙalar da Oliver Lowry da abokansa suka buga a 1951 a kan hanyar auna furotin an ambace ta fiye da sau dubu ɗari uku, saboda dubban ɗakunan bincike suna yin wannan awo kullum, kuma babu wanda yake cewa ta fi kowace maƙala zurfi a tarihin kimiyya. Likitancin shari'a kuwa ƙaramin fanni ne, ma'aunin tasirin manyan mujallunsa, irin su Forensic Science International da International Journal of Legal Medicine da Journal of Forensic Sciences, yawanci bai wuce biyu ko uku ba, yayin da na manyan mujallun likitanci ya haura hamsin. Shi ma makaniks fanni ne da ambato yake taruwa a hankali, domin aiki yakan ɗauki shekaru kafin wani ya ɗora a kansa, tagar shekaru biyu ta ma'aunin mujalla kuma takan rufe kafin a fara. Hirsch da kansa ya faɗi a maƙalarsa ta farko cewa lambobin masu nazarin halittu sun fi na masu fiziks girma, don haka ba a kwatanta fanni da fanni kai tsaye. Wanda ya zauna a mahaɗar ƙananan fannoni biyu yana ɗaukar asarar duka biyun, kuma idan aka jera shi da abokin aikinsa na tsangayar likitanci mai binciken ciwon daji, zai fito kamar malalaci ko da shi ne kan gaba a duniya a abin da yake yi.

Amsar da masu goyon baya suke bayarwa a nan ita ce an riga an gyara wannan, tunda akwai ma'aunai da suke kwatanta kowace maƙala da takwarorinta na fanni ɗaya da shekara ɗaya. Jerin da John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokansa suka fara fitarwa a 2019, wanda jami'o'in Najeriya ma suke shelar malamansu da suka shiga cikinsa, ya raba masana zuwa manyan fannoni 22 da ƙananan rassa fiye da 170, cikinsu har da reshen likitancin shari'a, kuma yana nuna lambar mutum da ambaton kansa da kuma bayan an cire shi. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai gyaran ya fi yi wa mai fanni ɗaya aiki, domin tsarin yana ajiye mutum a reshen da mafi yawan maƙalunsa suka faɗa, ta yadda injiniyan da rabin aikinsa yake a mujallun binciken gawa zai iya samun kansa ana auna shi da masu ƙera injin jirgi, ko kuma da masu gwajin guba a jini, alhali babu ɗaya daga cikinsu da yake yin irin aikinsa.

Suka ta biyu ta fi ta farko zurfi, kuma tarihin fannin ne yake ba ta ƙarfi. Ayyukan da suka fi tasiri a mahaɗar makaniks da likitancin shari'a sun yi tasirinsu ne a wuraren da rumbun ambato ba ya gani. A 1880 Otto Messerer ya buga bincikensa a kan ƙarfin ƙasusuwan ɗan Adam, kuma daga nan aka san karayar da take fitar da gutsure mai kusurwa uku a ƙashin ƙwauri, wadda likitoci suke dubawa don gane ta inda mota ta bugi mutum, ko da yake gwaje-gwajen baya sun nuna cewa ƙa'idar ba ta tabbata a kowane hali. A 1903 Georg Puppe ya bayyana cewa tsagar da bugu na biyu ya yi a ƙoƙon kai tana tsayawa idan ta iso tsagar bugu na farko, wanda hakan yake ba da damar jera bugun da aka yi wa mamaci ɗaya bayan ɗaya. A 1962 Marshall da Hoare, likita da masanin fiziks, suka fitar da lissafin yadda gawa take hucewa, Claus Henssge kuma ya mayar da shi jadawali a shekarun 1980, wanda ake ɗora zafin gawa da zafin wuri da nauyin jiki a kansa a kimanta lokacin mutuwa, da ratar kuskure ta kusan awa uku gaba ko baya a yanayi mafi kyau. Ana amfani da waɗannan ƙa'idoji a ɗakunan binciken gawa kowace rana, amma rahoton da likita ya rubuta wa ɗan sanda ko alƙali ba ya shiga Scopus, kuma hukuncin da ya wanke wanda ake zargi bisa wannan lissafi ba ya ƙara wa kowa lamba. Wani ɓangare mai yawa na wannan ilimi ma da Jamusanci aka rubuta shi, a mujallun da rumbunan ba su cika tattarawa ba.

Haka abin yake a ɓangaren kariya daga haɗarin mota. A 1943 A. H. S. Holbourn, masanin fiziks a Oxford, ya nuna a mujallar Lancet cewa juyawar kai farat ɗaya tana yi wa ƙwaƙwalwa lahani ta hanyar murɗa naman cikinta, ya kuma gwada hakan da siffofin da ya yi da wani abu mai danƙo. A Jami'ar Wayne State da ke Detroit, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Gurdjian da injiniya Lissner sun shafe shekaru suna gwaji a kan gawarwaki don gano iyakar bugun da ƙoƙon kai yake iya ɗauka, kuma daga aikinsu aka samo ma'aunin raunin kai da hukumomin Amurka suka sanya a dokar ƙera motoci a farkon shekarun 1970, da iyakar da ba za a wuce 1000 ba a gwajin karo. Injiniyan da yake tsara jakar iska ko hular kwano yana aiki da wannan ma'auni ba tare da ya ambaci kowa ba. Masanin zamantakewa Robert Merton ya daɗe da lura da cewa ilimin da ya karɓu sosai yakan narke cikin sanin kowa har a daina ambaton mai shi, kamar yadda babu injiniyan da yake kawo sunan littafin Newton duk lokacin da ya lissafa ƙarfi. Ma'anar wannan ita ce a fannin da ya karkata ga aiki, cikakkiyar nasara tana iya rage ambato maimakon ta ƙara shi.

Inda muhawarar ta fi zafi shi ne wurin da ambato yake da yawa amma ba ya nuna yarda, kuma babu misalin da ya fi rigimar girgiza jarirai. A 1971 Norman Guthkelch, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Ingila, ya kawo ra'ayin cewa girgiza jariri da ƙarfi tana iya jawo zubar jini a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, John Caffey kuma ya faɗaɗa wannan a Amurka a 1972 da 1974. Da tafiya ta yi tafiya sai haɗuwar alamu uku, wato wannan zubar jini, da zubar jini a bayan ido, da kumburin ƙwaƙwalwa, ta zama abin da ake gurfanar da iyaye da masu reno a kansa. A 1987 Ann-Christine Duhaime da abokan aikinta a Philadelphia, cikinsu akwai injiniyoyi, suka yi gwaji da 'yar tsana mai girman jariri da aka sanya wa na'urar awo a kai, suka samu cewa girgizawa kaɗai ba ta kai iyakar da ake zaton tana jawo irin wannan rauni ba, buga kai a jikin wani abu kuwa ya ninka ta kusan sau hamsin. Tun daga lokacin lauyoyin masu kare kai suke kafa hujja da wannan maƙala, likitocin yara da yawa kuma suna ambatonta don su nuna rauninta, suna cewa wuyan 'yar tsana ba wuyan jariri ba ne, kuma iyakar raunin da aka yi amfani da ita daga gwajin birai aka ciro ta aka daidaita da lissafi. A 2009 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a koma amfani da suna mai faɗi wanda bai taƙaita ga girgizawa ba. A 2016 hukumar tantance hanyoyin lafiya ta Suwidin ta duba rubuce-rubucen da aka tara ta ce shaidar da ke nuna cewa alamun uku suna tabbatar da girgizawa ba ta isa ba, rahoton da ƙungiyoyin likitoci da dama suka yi wa raddi mai zafi. A 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara a jihar New Jersey ta amince da hana irin wannan shaida bisa dalilin cewa ba ta samu karɓuwa a wajen masanan makaniks na jiki ba.

Duk wanda ya buɗe Google Scholar zai ga manyan maƙalun ɓangarorin biyu da ɗaruruwan ambato, wasu ma fiye da haka, kuma babu abin da lambar za ta gaya masa game da wanda yake da gaskiya. Abin da take nunawa shi ne rigimar tana da zafi kuma mutane da yawa sun shiga. Har ma akwai wani haɗari na daban da masu sukar rubuce-rubucen wannan fanni suka nuna, wato idan aka rarraba jarirai a bincike zuwa waɗanda aka cutar da waɗanda ba a cutar ba ta hanyar amfani da alamun da ake son gwadawa, sakamakon zai tabbatar da abin da aka fara da shi, kuma maƙala ɗari da suka ambaci juna a kan wannan tushe ba su fi maƙala ɗaya nauyi ba. A wani fannin ma, maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 da ta danganta rigakafi da wata lalurar yara ta ci gaba da tara ambato bayan Lancet ta janye ta a 2010, wanda hakan ya isa ya nuna cewa rumbun ba ya bambanta yabo da suka.

Akwai kuma batun ɗaukar kwarjini daga wani fanni a kai shi wani. A shari'ar Gordon Wood a Ostiraliya, wanda aka samu da laifi a 2008 kan mutuwar Caroline Byrne da aka tsinci gawarta a ƙasan wani dutse mai tsawo a Sidni a 1995, shaidar masanin fiziks Rod Cross ta taka muhimmiyar rawa, domin ya lissafa cewa nisan da gawar ta faɗa daga bakin dutsen ya fi dacewa da jifa da ita fiye da tsalle. Cross malami ne mai yawan rubuce-rubuce, sananne a fiziks na wasanni. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin ta sallami Wood, ta kuma soki gwaje-gwajen da aka gina lissafin a kansu da yadda ƙwararren ya shiga cikin ƙoƙarin masu gabatar da ƙara. Dokokin motsi da aka yi amfani da su ba su da aibi, matsalar tana cikin abubuwan da aka ɗauka a matsayin tabbas, kamar ainihin wurin da gawar ta sauka da filin gudu da ke saman dutsen da irin ƙarfin da mutum zai iya yin jifa da shi a cikin duhu. Babu lambar h da za ta iya gaya wa alƙali ko waɗannan zato sun inganta, kuma lamba mai girma tana iya sa masu sauraro su sassauta tambayar da ya kamata su tsananta.

Batun maguɗi ba ya buƙatar dogon bayani. A 2010 Cyril Labbé na Grenoble a Faransa ya ƙirƙiri wani masani na bogi mai suna Ike Antkare, ya cika intanet da maƙalun da kwamfuta ta harhaɗa suna ambaton juna, har Google Scholar ya ba shi h 94. A 2023 kamfanin Clarivate ya cire fannin lissafi gaba ɗaya daga jerinsa na masanan da aka fi ambata saboda yadda aka gano ana haɗa baki wajen ambaton juna. Ƙaramin fanni ya fi saurin lalacewa ta wannan hanya, tunda ambato hamsin na haɗin baki da ba za a lura da su a binciken ciwon daji ba suna iya ɗaga mutum zuwa sahun gaba a likitancin shari'a. Ko ba tare da maguɗi ba, ma'auni yana sauya halin wanda ake aunawa: mai neman lamba zai guji rubuta rahoton lamari guda, kamar wani baƙon nau'in rauni da aka gani sau ɗaya, domin irin wannan rubutu ba ya tara ambato, alhali shi ne likitan da ya ci karo da irin raunin bayan shekara goma zai nema.

Hukumomin ilimi da kansu sun fara ja da baya. Per Seglen ya nuna tun 1997 cewa kashi 15 cikin ɗari na maƙalun mujalla su ne suke kawo rabin ambatonta, don haka ma'aunin mujalla ba ya faɗin komai a kan maƙala guda. Sanarwar San Faransisko da aka tsara a 2012 ta nemi a daina amfani da wannan ma'auni wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, ƙa'idoji goma na Leiden da aka buga a 2015 kuma suka sanya lamba a matsayin mai taimaka wa hukuncin masana. Tsarin tantance binciken jami'o'in Birtaniya ya ware kashi 20 cikin ɗari na maki a 2014, ya ɗaga zuwa 25 a 2021, ga tasirin bincike a wajen jami'a, inda ake rubuta bayanin yadda aiki ya sauya doka ko sana'a ko rayuwar jama'a tare da shaidar da za a iya bi. Wannan hanya tana da tsada da cin lokaci, kuma tana buɗe ƙofa ga wanda ya iya tallata kansa, abin da masu goyon bayan ƙidaya suke da gaskiya idan suka nuna shi. Amma ita ce kaɗai take iya ganin jadawalin Henssge a hannun likita ko lambar Wayne State a dokar mota.

Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, masu goyon baya sun yi nasara a abu ɗaya: ƙwararren da ba ya bugawa kuma babu wanda ya taɓa gwada hanyarsa bai cancanci a gaskata shi don shekarunsa kawai ba, kuma ƙidayar ambato, idan an cire ambaton kai aka kwatanta mutum da 'yan reshensa, tana iya nuna ko aikinsa ya shiga hannun masana ko bai shiga ba. Daga nan ikonta ya ƙare. A jami'a, kwamitin da zai tantance mai bincike a wannan mahaɗa ya kamata ya nemi maƙalu huɗu ko biyar da mutumin ya zaɓa da kansa, ya ba injiniya da likitan binciken gawa su karanta tare, ya kuma tambayi inda aka yi aiki da su a rahoto ko doka ko hukunci, sannan lambar ta zo a matsayin ƙarin bayani. A kotu kuwa bai kamata a karɓi yawan ambato a matsayin dalilin ingancin shaida ba ko kaɗan, domin abin da alƙali yake buƙatar sani shi ne ko an gwada hanyar a yanayi mai kama da na shari'ar da ke gabansa, da yawan kuskuren da aka samu a gwajin, da kuma ko waɗanda suka ambaci aikin sun tabbatar da shi ne ko sun rushe shi.